Tsohon Injin Gedser da Masu Auna Iska

A can kudancin tsibirin Falster na ƙasar Danmak, kusa da wani ɗan gari mai suna Gedser, an taɓa yin wani injin iska da ya yi shekara goma a tsaye ba ya juyawa. An gina shi a 1957, ya yi ta ba da lantarki har 1967, daga nan aka kashe shi domin mai ya yi arha, babu wanda ke ganin amfanin iska. A tsakiyar shekarun 1970 sai ga roƙo daga Amurka: a gyara tsohon injin nan, a tashe shi, ana so a auna shi. Masu roƙon su ne mutanen shirin iskar Amurka, wanda injiniyoyin NASA ke riƙe da manyan injinansa, hukumar da ba ta daɗe da kai mutum duniyar wata ba. Aka gyara shi, aka liƙa masa na'urorin awo, aka yi ta ɗaukar bayanai daga 1977 zuwa 1979.

Wanda ya ga hoton injin zai yi mamakin abin da suke nema a jikinsa. Fukafukai uku ne da aka ɗaɗɗaure da sanduna da wayoyi, faɗin da'irarsu mita 24, ƙarfinsa kilowat 200 kacal. Wanda ya ƙera shi, Johannes Juul, ya kai shekara saba'in lokacin da ya gama aikin. Amma injin ya yi abin da na Amurkawa suka kasa a lokacin: ya jure iska shekara goma ba tare da wani babban gyara ba.

Su kuwa Amurkawa sun kafa nasu na gwaji a 1975 a Plum Brook ta jihar Ohayo, suka sa masa suna Mod-0. Fukafukai biyu ne, faɗin mita 38, kilowat 100, an lissafa kome a kwamfuta kafin a ƙera. Farfelar tana bayan hasumiya, wato sai iska ta ratsa ƙarafan hasumiyar kafin ta iso gare ta. Da aka tashe shi, na'urorin da ke gindin fukafukan suka nuna lanƙwasar da ta zarce abin da lissafi ya faɗa. Duk sanda fiffike ya gifta ta bayan hasumiya sai ya faɗa inuwar iska, ƙarfin da ke tura shi ya yanke farat ɗaya, ya sake dawowa, a kowane zagaye. Cikin abubuwan da suka tare iskar har da matakalar da ma'aikata ke hawa. Aka cire matakalar, nauyin ya ragu. Wannan labarin matakala yana burge ni ainun, domin a cikinsa ake ganin yadda sana'ar nan ta girma: lissafi ya faɗi nasa, ƙarfe ya faɗi nasa, mutane suka bi maganar ƙarfe suka koma suka gyara lissafi.

Al'adar auna iska a Danmak ta girmi Juul. Malaminsa ne ya dasa ta, Poul la Cour, wanda ke koyarwa a makarantar manya ta ƙauyen Askov. A 1891 la Cour ya kafa injin iska mai ba da lantarki, yana raba ruwa da wutar ya tara iskar haidirojin, da ita ake haskaka makarantar. Kafin ƙarshen shekarun 1890 ya gina ɗan zauren gwaji inda yake hura iska a kan ƙananan fukafukai yana auna ƙarfinsu. Abin da ya gani ya saɓa wa tunanin masu injinan niƙa na zamaninsa, waɗanda suka ɗauka yawan fukafukai shi ne yawan ƙarfi. Awo ya nuna masa cewa kaɗan masu gudu sun fi dacewa da lantarki. Juul yana saurayi ya halarci kwas ɗin da la Cour ke yi wa masu aikin wuta na karkara a 1904, rabin ƙarni bayan haka ya zuba abin da ya koya a Gedser.

Shi kuwa lissafin, daga fagen jiragen sama ya zo. A 1920 Albert Betz na garin Göttingen a Jamus ya nuna cewa babu farfelar da za ta iya kwashe fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar da ta ratsa ta, domin in ka tsayar da iska gaba ɗaya ka toshe wa ta baya hanya. A 1935 aka buga aikin Hermann Glauert na Ingila kan farfelar jirgi, wanda har yau shi ne ƙashin bayan yawancin manhajojin da ake zana injin iska da su. Dabarar mai sauƙi ce. A yanka fiffike gunduwa-gunduwa a takarda, a lissafa ƙarfin da iska ke yi a kan kowace gunduwa, a tara. Sai dai sauƙin yana da farashi. Lissafin ya ɗauka cewa iska na zuwa daidai wa daida ba ta canzawa, cewa kowace gunduwa ba ruwanta da maƙwabciyarta, kuma fiffiken da ke juyawa halinsa ɗaya da wanda aka kafe a zauren gwaji. Duka ukun ba haka suke a fili ba. Aikin shekara hamsin da suka wuce shi ne gano inda kowannensu ya kauce, da kuma nawa ya kauce.

Wurin da ya fi kowane riƙe wannan aiki shi ne Risø, wani ɗan tsibiri mai haɗe da tudu a bakin ruwan Roskilde. An buɗe shi a 1958 don binciken nukiliya, Niels Bohr na cikin waɗanda suka tsaya aka kafa shi. A 1978 aka ware wani lungu aka kafa tashar gwajin ƙananan injinan iska, da ma'aikata 'yan kaɗan. A shekarar da ta biyo, gwamnati ta ce za ta biya kashi 30 cikin ɗari na kuɗin duk injin da ɗan ƙasa ya saya, da sharaɗin Risø ta amince da samfurin. Wannan sharaɗi ne ya canza kome. Masu ƙera injinan ba masanan jirgin sama ba ne. Christian Riisager kafinta ne da ya kwaikwayi Gedser ya yi na kilowat 22. A lokacin Vestas kayan noma take yi, Nordtank kuma tankokin mota. Dole kowannensu ya kai zanensa da injinsa gaban masu awo, su kuma masu awon suna ganin karayar kowa, suna gaya wa na gaba ya ƙara kauri a nan, ya sake birki a can. A gefe guda ƙungiyar masu injinan, manoma da malaman makaranta, tana buga adadin wutar da kowane inji ya bayar da irin lalacewar da ya yi a mujallarta duk wata. Kamfanin da injinsa ke cika baki a takarda yana gazawa a gona ba shi da wurin ɓuya.

A daidai wannan lokaci Jamus ta bi wata hanya. Ta yi tsalle ɗaya zuwa Growian, inji mai megawat 3, faɗin farfela mita 100, wanda aka kafa a 1983 kusa da bakin kogin Elbe. Babu wani na tsakiya da aka auna aka koyi darasi daga gare shi. Cibiyar farfelar ta riƙa tsagewa, injin ya yi aiki kimanin awa 420 kacal, aka rushe shi a 1988. Injiniyoyin Growian sun fi maƙeran Danmak ilimin lissafi nesa ba kusa ba. Abin da ba su da shi shi ne tarin awo daga injina ɗari da suka riga suka sha iska.

Awo ya riƙa fito da abubuwan da ba su cikin littafi. Injinan irin na Gedser suna kare kansu daga guguwa ta wata hanya: in iska ta yi ƙarfi ƙwarai sai ta daina bin bayan fiffiken, ta sake shi, ƙarfin ɗagawa ya faɗi. Lissafi yakan faɗi daidai inda hakan zai faru, amma a fili injinan kan wuce ƙarfin da aka tsara musu, janareto ya yi zafi. Ashe juyawa tana sa iska ta daɗe manne da fiffike a kusa da gindinsa, abin da wani mai bincike a Göttingen, Himmelskamp, ya lura da shi a farfelar jirgi tun 1945. A Tjæreborg kuma, inda aka kafa inji mai megawat 2 a ƙarshen shekarun 1980, an gwada murɗa kusurwar fukafukai farat ɗaya. Lissafi ya ce nauyi zai koma sabon matsayinsa nan take. Na'urori suka nuna ya zarce sosai, sannan ya dawo a hankali cikin daƙiƙoƙi, domin iskar da ke bayan farfela tana ɗaukar lokaci kafin ta saba da sabon hali. Stig Øye na jami'ar fasaha ta Danmak ya ɗinka wannan jinkiri a cikin lissafi, manhajojin yau suna ɗauke da gyaransa.

Sai dai awo a fili yana da tasa matsalar, kuma babba ce. Sandar awo tana gaya maka gudun iska a wuri ɗaya, alhali farfela tana sharar fili mai faɗi inda iskar sama daban, ta ƙasa daban, tana kuma sauyawa kowace daƙiƙa. In lissafi da awo suka saɓa, mai lissafi yana iya cewa iskar da aka ba shi ba ita ce ta bugi injin ba, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Masu binciken cibiyar NREL ta Amurka sun shafe kusan shekara goma suna fama da wannan a filinsu na Kwalarado, inda iska ke gangarowa daga duwatsu a hargitse. Daga ƙarshe suka yanke shawarar ɗaukar injin ɗungurungum su kai shi inda iska ke bin umarni.

A shekarar 2000 suka shigar da shi zauren iska na NASA da ke Ames a Kalifoniya, wanda ya fi kowane girma a duniya: tsayin wurin gwajin mita 24, faɗinsa kusan mita 37, manyan fankoki shida ke jan iskar. Injin mai fukafukai biyu ne, faɗin mita 10, yana zagaye 72 a minti. An huda ƙananan ramuka a wurare biyar a tsawon fiffike ɗaya don auna matsin iska, aka gwada shi a yanayi fiye da 1,700. Sannan suka yi abin da nake ganin ya fi gwajin kansa daraja. Suka ɓoye sakamakon. Suka aika wa masana siffar injin da gudun iskar, suka ce kowa ya sa a manhajarsa ya faɗi abin da na'urori suka gani, kamar yadda malam ke kife allo ya ce wa almajiri ya kawo hadda. Masana talatin daga cibiyoyi 18, akasarinsu na Turai, suka amsa da manhajoji 19.

Da aka buɗe sakamako, kowa ya yi shiru. A yanayi mafi sauƙi, inda iska ke fuskantar injin kai tsaye, ba ta canzawa, ba ta kuma saki fiffike ba, hasashen ƙarfin injin ya tashi daga kashi 25 zuwa kashi 175 cikin ɗari na abin da aka auna. A iska mai ƙarfi kuwa, daga kashi 30 zuwa 275. Wato wani ya faɗi ƙasa da sulusin gaskiya, wani ya kusa ninka ta uku. Kuma waɗannan su ne manhajojin da ake ƙera injinan sayarwa da su. Yawancin saɓanin ya fito ne daga yadda kowane masani ya gyara alkaluman fiffike kafin ya zuba su a lissafi, har ta kai mutum biyu masu riƙe da manhaja ɗaya suna kawo amsa daban. Wadda ta fi kusantar gaskiya ita ce EllipSys3D ta Risø, da Niels Sørensen ya gudanar, wadda ke warware motsin iskar kanta a miliyoyin ƙananan gurabe. Ita ma a yanayi masu sauƙi kaɗai aka iya gudanar da ita, saboda cin kwamfutar da take yi.

Mai karatu zai tambaya, to yaya injinan ba su faɗi ba? Domin kowane kamfani ya daɗe yana daidaita lissafinsa da injinan da ya riga ya auna, yana kuma ƙara kaurin kariya. Lissafin yana aiki muddin sabon inji ya yi kama da tsoho. Gwajin Ames ya nuna cewa in aka kawo baƙon inji, sanin bai kai inda ake zato ba. Ni dai ina jinjina wa mutanen nan talatin. Kowannensu yana da suna da zai kare, amma ya yarda ya amsa tambaya a gaban tsaransa ba tare da ya leƙa amsar ba, aka kuma buga sakamakon duniya ta gani, aka saki bayanan ga duk mai so. Har yau ɗaliban digiri na gwada sababbin manhajoji da alkaluman wannan ƙaramin inji.

Turawa suka yi nasu a 2006 a wani zauren iska na Holan, da farfela mai fukafukai uku, faɗin mita 4.5, a shirin da suka kira MEXICO. Wannan karon har iskar da ke kewaye da farfelar aka ɗauki hotonta da hasken leza. Shekaru aka yi ana muhawara kan wani giɓi tsakanin lissafi da awo, sai da aka maimaita gwajin a 2014 aka gane cewa wani ɓangare na giɓin daga saitin na'urorin awon yake. Awo ma yakan yi kuskure, shi ma sai an bincike shi.

Wani abin kuma ba zauren gwaji ne zai nuna shi ba. A gonakin iska na Kalifoniya an daɗe ana ganin inji ɗaya, a gudun iska ɗaya, yau ya ba da cikakken ƙarfi, wani makon ya ba da kusan rabi. A 2001 Gustave Corten da Herman Veldkamp suka bayyana dalilin a mujallar Nature: ƙwari ne. Suna tashi lokacin da iska ta lafa, fiffike ya buge su, gawarwakinsu su taru a bakinsa. A iska mai sanyin gudu ba a ganin illa, amma da ta yi ƙarfi sai kaushin ya sa ta saki fiffiken da wuri.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A Lambar Rimi ta jihar Katsina an kafa injina 37, kowanne kilowat 275, jimilla megawat 10. Alkaluman ƙarfin da ake rubuta wa inji an gina su ne a kan iska mai zafin digiri 15 a bakin teku. Iskar Katsina a watan Afrilu, da zafin digiri 40 a tudun da ya kai mita 500, ta fi wannan rashin nauyi da fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma ƙarfin da take bayarwa yana raguwa daidai da haka. Wannan an san yadda ake gyara shi a lissafi. Ƙurar hunturu da ke kankare bakin fiffike, da iskar da ke gudu a sama cikin dare a yankin Sahel sannan ta sauko da hantsi, da guguwar da ke gabatar da ruwan farkon damina, su ne abubuwan da sai an kafa doguwar sanda an auna su a nan, shekara da shekaru. Dalilin da ya sa nake matsa wannan magana shi ne ƙarfin iska yana tafiya ne da gudunta sau uku a jere: kuskuren kashi 10 a gudu yakan zama kusan kashi 30 a ƙarfi.

Shi ya sa auna yadda iska ke hawa tudu ya zama fage mai zaman kansa. A 1982 da 1983 an jera sanduna a tsaunin Askervein na Sikotilan, bayanan suka taimaka wajen tabbatar da manhajar WAsP ta Risø, wadda aka gina taswirar iskar Turai ta 1989 a kanta. Askervein tudu ne mai laushin gangara. Don haka a hunturun 2007 zuwa 2008 mutanen Risø suka koma wani ɗan tudu da ke kusa da su, Bolund, tsayinsa mita 12 kacal amma gabansa a tsaye yake kamar bango. Suka sake ɓoye awo, aka aiko da amsoshi 57. Manhajoji masu sauƙi suka kauce sosai kamar yadda aka zata, amma mafiya tsada ma, waɗanda aka ɗora wa buri, ba su taɓuka abin kirki ba. Na tsakiya ne suka fi dacewa.

A teku matsalar ita ce inji yana cinye iskar ɗan'uwansa. A Horns Rev, inda aka kafa injina 80 a 2002 da tazarar mita 560, in iska ta bi layi sak, na biyu kan rasa abin da ya kai kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin na farko. Lissafin da aka fi amfani da shi kan wannan, na N. O. Jensen na Risø, tun 1983 yake, kuma bayanan Horns Rev ne aka yi ta gwada shi da su. Duk da haka a Oktoban 2019 kamfanin Ørsted, wanda a lokacin ya fi kowa gonakin iska a teku, ya sanar da masu hannun jarinsa cewa ya rage hasashen wutar da zai samu, domin bayanan gonakinsa sun nuna ya raina yadda tarin injina ke rage gudun iska a gabansu da bayansu.

Yau babu zauren da zai ɗauki inji na gaske. Samfurin Vestas mai megawat 15 da aka kafa a tashar gwaji ta Østerild, a arewacin Danmak, kowane fiffikensa mita 115.5 ne, ya ninka faɗin zauren Ames sau uku. Fiffike mai wannan tsayi yana lanƙwasawa yana kuma murɗewa, murɗewar tana canza ƙarfin da iska ke yi a kansa. An koma fili ke nan, sai dai yanzu da na'urorin leza da ke karanta iskar tun tana nesa, kafin ta iso farfela, a tsayi daban-daban lokaci guda. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ba da takardar shaida ta tanadi cewa sai an kafa samfurin farko, an liƙa masa ma'aunan lanƙwasa a gindin fukafukai da jikin hasumiya, an tara bayanai a kowane gudun iska, an kwatanta su da abin da manhajar kamfanin ta faɗa, kafin a amince a ƙera shi da yawa.